Takalmin gwanjo daga kasuwar Sakkwato a kan hanyar bakin teku ta Ostireliya

Wata takwas ke nan da na sayi wani takalmin tafiyar daji a wani shagon gwanjo da ke cikin babbar kasuwar Sakkwato, kuma da gangan na jinkirta faɗin ra'ayina a kansa har zuwa yanzu, domin ba a sanin halin takalmi a ranar da aka saye shi. Na taka shi a titunan Runjin Sambo cikin tsananin bazara, na taka shi tsawon kilomita 26 a kan duwatsu da rairayin bakin teku a ƙasar Ostireliya, sannan na dawo da shi gida ya ga damina guda cur. Abin da zan bayyana ya shafi takalmin, ya kuma shafi mutumin da ya sayar mini da shi, saboda a harkar gwanjo ba a raba kaya da mai kaya.

Dalilin sayen shi ne wani aikin bincike na mako shida da ya kai ni birnin Sidni a watan Yuni. Tun kafin in tashi, abokin aikin da zai karɓe ni ya rubuto mini cewa su huɗu sun shirya tafiyar ƙasa ta kwana biyu a Gandun Dajin Royal, wanda ke kudu da birnin, kuma idan ina da sha'awa in zo da takalmi mai ƙwari wanda ƙafata ta riga ta saba da shi. Da na duba farashin irinsa sabo a shagunan can ta intanet, na lissafa shi da naira, sai na ga gara in fara neman sa a gida.

Shagon ƙarami ne, yana cikin layin masu takalman gwanjo, kuma babu wani allo a kansa da zai bambanta shi da maƙwabtansa. Mai shi dattijo ne da ya daɗe yana fasa dila. Na yi masa bayanin irin tafiyar da ke gabana, cewa akwai dutse, akwai yashi, akwai ruwa, kuma zan goya jaka mai nauyi. Idona ya fara sauka a kan wani takalmi ruwan ƙasa mai sheƙi, wanda da gani ba a taka shi sau biyar ba, har na ɗauko shi ina juyawa. Alhajin ya karɓe shi daga hannuna, ya lanƙwasa shi da ƙarfi, ya danna farcen babban yatsansa a cikin soson da ke tsakanin tafin takalmin da samansa, sai ga soson yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Malam, wanga ba na tafiya ba ne. Kyawunsa na ido ne, ya daɗe ajiye. In ka kai shi daji, tafinsa zai bar ka a hanya." Ya jefa shi gefe guda cikin wani buhu.

Daga baya na fahimci dalilin abin da ya nuna mini, kuma ya kamata duk mai sayen takalmin gwanjo ya san shi. Yawancin takalman tafiya masu nauyi ana yin soson tsakiyarsu da wani sinadarin roba da ake kira foliyuretan, wanda ke shan laimar iska a hankali, laimar kuma tana warware shi daga ciki shekara bayan shekara. Takalmin da aka ajiye a akwati ba a takawa ya fi saurin kamuwa da wannan cuta a kan wanda ake sawa, shi ya sa wanda ya fi kama da sabo a cikin dila yakan zama shi ne mafi haɗari. Alhajin bai san sunan sinadarin ba, amma hannunsa ya san alamarsa, kuma da ya so ya yi shiru ya karɓi kuɗina da babu abin da zai hana shi. Wannan kaɗai ya sa nake ganin shagon ya cancanci a koma masa.

Wanda ya zaɓo mini a madadinsa bai kai na farko kyan gani ba. Launin toka ne, mai wuya har saman idon sawu, samansa haɗin fata mai laushi da yadi mai ƙarfi, cikinsa kuma akwai wani siririn shafi mai hana ruwa shiga. Akwai ƙujewa a hancinsa, igiyarsa ma ba ta asali ba ce. A tafinsa akwai 'yar alamar nan rawaya mai kusurwa takwas ta Vibram, kamfanin Italiya da Vitale Bramani ya assasa a 1937 bayan abokansa shida sun halaka a kan tsaunukan ƙasarsu a 1935, musibar da aka danganta wani ɓangarenta da rashin takalmin kirki. Haƙoran tafin suna nan da zurfinsu, in ban da ɗan ci a gefen dunduniyar dama. Lamba 43 nake sawa, amma ya hana ni ɗaukar 43, ya ce ƙafa tana kumbura idan ta sha tafiya, kuma a gangara yatsu suna zamewa gaba su riƙa dukan hancin takalmi har farce ya mutu. Ya ce in tafi in dawo da la'asar, lokacin da ƙafa ta gaji ta buɗe, in zo da safa mai kauri. Da na dawo ya sa na zura 44 ba tare da ɗaure igiya ba, na tura ƙafar gaba, ya cusa yatsansa ɗaya a bayan dunduniyata ya ga ya shiga daidai, sannan ya ce in ɗaure in daki dakalin shagon da hancin takalmin. Yatsuna ba su taɓa gaba ba. Ya sa suna naira dubu 45, muka daidaita a dubu 36.

Mako bakwai na yi ina horar da shi kafin tafiya, kullum bayan sallar asuba, daga Runjin Sambo zuwa gadar Kwalkwalawa in juyo. A nan aibinsa na farko ya bayyana, kuma babba ne ga mutumin Sakkwato. Shafin da ke hana ruwa shiga yana barin tururin gumi ya fita ne idan wajen ya fi cikin takalmin sanyi da bushewa, to a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garinmu ke haura digiri 40, babu wani sanyi a waje da zai ja gumin. Ranar da na makara na fita da hantsi, kafin in dawo gida safata ta jiƙe sharkaf, fatar ƙafata ta yi laushi, bororo ya fito mini a dunduniyar hagu. Laifin safar auduga ma yana ciki, domin auduga tana riƙe gumi ba ta sakewa. Na koma shagon neman safar ulu, ba su da ita, ba su kuma san inda zan samu ba, sai da na yi yawon layi uku kafin in dace da ƙafa biyu a wurin mai kayan sanyi.

Akwai abu guda da ya kamata mai tafiya Ostireliya da takalmin gwanjo ya sani. Katin da ake cikawa kafin sauka yana tambaya ko kana ɗauke da ƙasa ko kayan da ƙasa ta manne musu, kamar takalman wasanni da na daji, domin ƙasar tana tsananta tsaro a kan cututtukan tsirrai da na dabbobi. Na wanke tafin da buroshi da sabulu tun a gida, na tsokale kowane lungu da tsinke, na kuma bayyana shi a katin. Jami'in ya juya shi ya duba ya miƙo mini. Zurfin haƙoran da ke sa shi kama ƙasa shi ne kuma ke sa wankinsa cin lokaci.

Gandun Dajin Royal an kafa shi a 1879, shekara bakwai bayan na Yellowstone da ke Amurka, saboda haka yana cikin mafiya daɗewa a duniya. An ƙara masa sunan da yake amsawa yanzu a 1955, bayan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ratsa ta gefensa a jirgin ƙasa a 1954. Faɗinsa ya kai kimanin hekta dubu 15, kuma ƙasar mutanen Dharawal ce tun kafin zuwan Turawa, har yanzu zanen da kakanninsu suka sassaƙa a kan falalen dutse yana nan kusa da Bundeena. Hanyar bakin tekun ta tashi daga wannan ƙauye na Bundeena ta ƙare a Otford. Mun shiga jirgin ƙasa daga Sidni zuwa Cronulla, daga nan jirgin fito ya tsallakar da mu cikin kamar rabin awa. Watan Yuni tsakiyar sanyinsu ne, zafin rana bai kai digiri 20 ba, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, don haka kilomita 18 na ranar farko ba su bar mana lokacin nawa ba.

Sa'o'in farko a kan tsandauri muka yi su, saman gaɓar dutse mai tsawo, teku tana dukan gindinta can ƙasa, gajerun itatuwa masu ƙaya sun rufe hagu da dama. Dutsen wurin irin na yashi ne da ya daskare, yana da kaushi kamar dutsen niƙa, kuma a kansa takalmin ya nuna abin da aka yi shi dominsa. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanmu, falalen duk da danshi, amma ko sau ɗaya ban ji ƙafata ta yi shakka ba, ko a hawa ko a gangara, alhali jakar da na goya ta kai kilo goma sha biyu saboda ruwan sha da muka ɗauka. A wurare da dama hukumar gandun ta shimfiɗa wata doguwar gada mai ƙananan ramuka a kan ƙasa don kada sawun mutane ya kashe tsirrai, a can ma tafin ya kama sosai, sai dai taurinsa yana sa ƙara a kowane taku. Mun wuce wani farin dutse fat mai kusurwa kamar an yanka shi da wuƙa, wanda suke kira da sunan kek ɗin biki, an killace shi da shinge saboda bincike ya nuna zai iya ruftawa cikin teku.

A rairayin Marley aka fara jarrabawa ta biyu. Mutumin Sakkwato ya san yashi, ya san yadda yake cika kambas har mutum ya tsaya zazzagewa kowane ɗan lokaci. Wuyan takalmin da harshensa da aka ɗinke da gefe biyu sun hana yashi shiga ƙwarai, ban zazzage ba sai da muka tsaya cin abinci. Amma nauyinsa, wanda ya haura kilo ɗaya idan aka haɗa ƙafa biyu, a nan na fara jin sa a cinyoyina, domin a yashi mai laushi kowane taku sai ka ciro ƙafa. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar da ke sanye da takalmin gudu mara nauyi ya riga ni fita daga rairayin da nisa. Da muka zo ƙoramar da ke malala daga tafkin bayan rairayin zuwa teku kuwa, shi ya tsaya cire takalmi, ni na ratsa ruwan da bai kai idon sawu ba, safata ta fita a bushe. Tsohon shafin bai huje ba, abin da na fi jin tsoro ke nan tun a kasuwa.

A Wattamolla muka yada zango, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin wani tafki mai natsuwa, rairayi ya raba shi da teku. A nan na yi alwala na sallaci azahar da la'asar, ina fuskantar yamma, domin daga can alƙibla yamma take da ɗan karkata arewa, abin da zuciyar wanda ya tashi yana duban gabas ba ta karɓa nan take. Na ambaci wannan ne saboda cire takalmi da mayar da shi sau da yawa a yini abu ne da masu ƙera irin waɗannan takalma ba sa lissafawa, mu kuwa dole mu lissafa. Layi uku na saman igiyar a kan ƙugiyoyi suke, ba a cikin huda ba, saboda haka warwarewa da ɗaurewa ba sa wuce minti ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne ka tsane ƙafa sarai, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar da safa, in ba haka ba ka kulle ruwan a ciki da kanka.

Sau ɗaya na zame, kuma ba zan ɗora wa takalmin ba. A Curracurrong ne, inda ƙorama ke faɗowa daga bakin gaɓa kai tsaye cikin teku, kusa da wani dutse da ya miƙo kamar bakin mikiya, iska kuma idan ta yi ƙarfi takan mayar da ruwan sama ya koma feshi. Na ɗaga kai ina kallon wasu manyan dabbobin teku biyu, irin waɗanda suka ninka giwa girma, suna fesar da ruwa ta ka a kan hanyarsu ta zuwa arewa kamar yadda suke yi a wannan lokaci na shekara, sai na taka gansakuka a kan dutsen ƙoramar. Babu tafin takalmin da ke kama gansakuka. Ƙafar dama ta gurɗe gefe, wuyan takalmin ya tare ta kafin ta kai ga targaɗe, na tashi da ɗan tsami kawai. Na tabbata da kambas ne a ƙafata da a nan tafiyata ta ƙare.

Daga Garie zuwa Era ta Arewa, inda muka kafa tanti dab da magariba, hawa ne da sauka a kan matakala masu tsawo. A nan aibi na biyu ya fito, kuma wannan na gwanjo ne zalla. Shimfiɗar cikin takalmin ta riga ta ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko, ta lotse a inda nauyinsa ke sauka, wanda ba nan nawa ke sauka ba. A tafiyar awa ɗaya a Sakkwato ban lura ba, amma bayan awa bakwai ƙasan yatsun ƙafata ta dama ya riƙa zafi kamar na taka garwashi. Da Alhajin ya ja hankalina in canja shimfiɗar tun farko, kamar yadda ya ja hankalina a kan lamba da soso, da an kauce wa wannan da 'yan kuɗi kaɗan.

Kilomita takwas na rana ta biyu sun fi gajarta amma sun fi wuya. Bayan rairayin Burning Palms hanya ta shiga wani kurmi mai duhu, cike da itatuwa masu ganye kamar na giginya, ƙasa duk taɓo da saiwoyi, ga matsattsaku. Biyu daga cikin abokan tafiyar sun ciro matsattsaku daga idon sawunsu, ni kuwa da na cusa ƙafar wando cikin safa, wuyan takalmin ya rufe sauran, ban samu ko ɗaya ba. Taɓon bai daskare a tsakanin haƙoran ba, yana zubewa da kansa idan aka taka dutse. Sai da muka fito daga kurmin na lura robar da ta lulluɓe hancin ƙafar hagu ta ɗago, ta buɗe baki kamar faɗin yatsa biyu. Tsohon gam ne ya gaji da jiƙa da lanƙwasa. Na naɗe wurin da salatif mai ƙarfi da ɗaya daga cikinmu ya zo da shi, ya kai ni har gangaren ƙarshe mai tsananin zurfi da ke sauka tashar jirgin ƙasa ta Otford. A wannan gangare na tuna da Alhajin da yatsansa a bayan dunduniyata, domin na sauka da farcena goma lafiya, alhali mai takalmin gudun ya isa tasha yana ɗingishi, farcen babban yatsansa ya tara jini.

Da na dawo gida na kai wa Alhajin takalmin ya gani. Bai yi gardama ba, bai kuma ce laifina ne ba. Ya duba buɗewar ya ce, "Malam, gam na da shekarunsa, zare shi ne mai amana," ya haɗa ni da yaronsa zuwa wurin wani baduku a bayan layin. Badukun ya kankare tsohon gam ɗin, ya sa sabo, ya bi gefen robar da basilla da zare mai kakin zuma, ya karɓi naira 1,500, Alhajin ya biya rabi ba tare da na nema ba. Ɗinkin ya fi na asali ƙwari, sai dai basilla ta huda shafin ciki, saboda haka yanzu idan na tsaya cikin ruwa na ɗan lokaci danshi yana shiga ta hancin hagu. Wanda zai yi irin wannan gyara ya roƙi baduku ya tsaya a kan gam idan buɗewar ba ta yi nisa ba. Badukun ya kuma so ya shafe fatar da man kaɗanya, na hana shi, domin mai yana toshe irin wannan fata mai laushi ya hana ta numfashi. Abin da ta buƙata shi ne wanki da ruwan daɗi don fitar da gishirin teku, da shanya a inuwa, ba a ranar Sakkwato ba, wadda ke iya narkar da gam cikin yini guda.

Ga wanda aikinsa ke kai shi fadama da damina, ko ma'aikacin safiyo, ko likitan dabbobi mai bin rugage, ko ɗalibin da ke fita nazarin duwatsu, wannan irin takalmi ya ci kuɗinsa, kuma daga Yuli zuwa Satumba na same shi da amfani ƙwarai a gonarmu ta wajen Dundaye. Da hunturu ma yana da daɗi, yana hana kaushi da faso. Daga Maris zuwa Mayu kuwa ban ba kowa shawarar sa shi ba, gara mutum ya nemi irinsa mara shafin hana ruwa, mai yadi mai shan iska. Maniyyaci kuma kada ya saye shi da niyyar tafiyar Mina da Arfa, tun da namiji mai harami ba ya sa takalmin da ya rufe idon sawu.

Shagon yana da nasa gyaran da ya rage. Babu benci da mai saye zai zauna ya gwada takalmi, a tsaye ake yi ana dafa bango, ba a ba da rasit, kuma duk alkawarin canji a baki yake, wanda ya ishe ni ne kawai saboda mutumin da na tarar mai riƙon magana ne. Na ce masa ya riƙa ajiye safar ulu da sabbin shimfiɗun ciki kusa da takalman, tun da duk wanda ya sayi ɗaya yana buƙatar sauran biyun. Makon jiya da na biya ta layin na ga shimfiɗun rataye a ƙusa a bakin shagon, daga lamba 40 zuwa 45, naira 2,000 kowace ƙafa biyu, na sayi 44. Safar ce har yanzu bai samo ba, ya ce sai dilar kayan sanyi ta gaba ta iso daga Kano.